DAREN DA AKA GOGE RUMBUN BAYANAI, AKA NEMI AJIYA AKA RASA

A daren Talata 31 ga watan Janairu na shekarar 2017, wajen ƙarfe goma sha ɗaya da rabi agogon GMT, watau sha biyu da rabi ke nan a agogon Nijeriya, wani injiniya na kamfanin GitLab ya rubuta wani ɗan gajeren umurni a kan na'urarsa, ya danna. Umurnin kuwa na share duk abin da ke cikin wata ma'ajiyar bayanai ne. Ba a yi daƙiƙa biyu ba sai ya farga cewa ba na'urar da ya nufa ya bai wa umurnin ba. Ya yi wuf ya tsayar, amma ina, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Daga cikin bayanai kimanin gigabait 300 waɗanda kamfanin ya dogara da su wajen hulɗa da masu cinikinsa na duniya duka, abin da ya saura bai wuce gigabait 4.5 ba.

Shi wannan kamfani, aikinsa shi ne samar wa masu rubuta manhajar kwamfuta wurin da za su ajiye ayyukansu a intanet, su riƙa dubawa tare, suna yi wa juna gyara da sharhi. Watau ba 'yan koyo ba ne a wannan fage, masana ne waɗanda sauran masana ke kai wa ajiya. Saboda haka a daren nan babu wanda ya ɗauka abin zai yi tsanani, don kowa ya san kamfanin yana da hanyoyi har guda biyar na yin kwafin ajiya saboda rana irin wannan. Sai da aka tashi ɗauko ajiyar sa'an nan idon kowa ya raina fata.

MENE NE RUMBUN BAYANAI?

Kafin a shiga cikin labarin ya kamata mai karatu ya san abin da ake magana a kansa, domin kuwa ko bai taɓa ganin rumbun bayanai da idonsa ba, sunansa na cikin da yawa daga cikinsu. Duk wanda ya yi rajistar lambar BVN, wadda Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a 2014, ko ya karɓi lambar shaidar ɗan ƙasa, ko ya yi rajistar layin waya, ko ɗansa ya zauna jarrabawar shiga jami'a, to an rubuta shi a irin wannan rumbu. Kuɗin da mutum ke cewa yana da su a banki ma, in an bi diddigi, wani layi ne kawai a cikin rumbun bankin.

Rumbun bayanai dai kamar babban littafin akawu ne, mai shafuka da layuka, sai dai ba a takarda yake ba, yana zaune ne a kan faifan wata babbar kwamfuta wadda ba a kashe ta dare da rana. Ita wannan kwamfuta ake kira uwar garke, domin ita sauran ƙananan na'urori ke bi suna tambaya tana ba su amsa. A kanta kuma akwai manhajar da ke zaman akawu, ita ce ke rubutawa da gogewa da nemo abin da aka tambaya. Akwai irin waɗannan manhajoji da dama, kamar su Oracle da MySQL da SQL Server, amma wadda GitLab ke aiki da ita sunanta PostgreSQL.

To, wahalar kwafar irin wannan littafi ita ce akawun ba ya ajiye alƙalami. A ce Audu ya tura wa Binta naira 5,000. Akawu zai rage kuɗin a shafin Audu, sa'an nan ya ƙara su a shafin Binta. In mai kwafa ya kwafi shafin Binta tun kafin a ƙara mata, ya zo ya kwafi na Audu bayan an rage masa, to a cikin kwafin nan naira 5,000 sun ɓace, ba su wajen Audu ba su wajen Binta. Wannan ne ya sa ba a kwafar rumbun da ke cikin aiki kamar yadda mutum ke kwafar hotuna daga waya zuwa waya. Dole sai da dabara.

Dabarar da masu wannan sana'a suka yi ita ce, kafin akawu ya taɓa babban littafi, sai ya fara rubuta abin da zai yi a cikin wani ɗan littafin tarihi na gefe, bi da bi, ba tsallake. In wuta ta ɗauke yana tsakiyar aiki, da ya farfaɗo sai ya buɗe ɗan littafin nan ya ga inda ya tsaya, ya ƙarasa abin da ya kamata a ƙarasa, ya soke abin da bai cika ba. Wannan ɗan littafi shi ne ƙashin bayan al'amarin duka, kuma za a ga yadda rashin adana shi ya jawo wa GitLab abin da ya jawo.

Hanyoyin yin kwafin ajiya kuwa iri-iri ne. Akwai wadda za a sa manhaja ta karanto rumbun kamar yadda yake a daidai wani lokaci, ta zuba shi cikin fayil guda wanda za a iya sake gina rumbun da shi daga tushe. Akwai wadda za a ɗauki hoton faifan ɗungurungum a cikin ƙiftawar ido. Akwai kuma wadda za a ajiye wata uwar garke ta biyu a gefe, ana aika mata da shafukan ɗan littafin tarihin nan kai tsaye, duk abin da ta farko ta rubuta ita ma ta rubuta, ta zama mataimakiya mai jiran ko-ta-kwana.

YADDA ABIN YA FARU

GitLab na da uwar garke biyu a lokacin, babba da mataimakiya. Sunan ɗaya ya fara da db1, na ɗayar kuma db2. Lamba ɗaya tak ta raba su.

Tun wajen ƙarfe bakwai na yamma agogon GMT nauyi ya fara yi wa babbar yawa. Da fari an zaci masu aiko da tarkacen saƙonni ne kawai suka yi musu rubdugu, kuma lalle akwai hannunsu. Amma daga baya an gano wani abin dariya a ciki: wani ya kai ƙarar asusun ɗaya daga cikin ma'aikatan kamfanin cewa yana ɓarna, aka yi kuskure aka sa shi cikin jerin waɗanda za a share, na'ura kuwa ta duƙufa tana goge shi da duk abin da ya taɓa rubutawa, abin da ya ƙara wa rumbun nauyi ƙwarai.

Zuwa ƙarfe goma sha ɗaya mataimakiya ta kasa bin sawun babba. Ita babbar ba ta ajiye tsofaffin shafukan ɗan littafin tarihinta, da ta gama da su sai ta zubar, kuma kamfanin bai shirya wani wuri dabam da ake tara su ba. Saboda haka shafukan da mataimakiya ke bukata don ta cim ma babba sun riga sun tafi. Magani ɗaya ya rage, watau a share abin da ke cikin mataimakiya ƙaf, a sake kwafo mata komai daga babba. Injiniyan da ke bakin aiki ya share ta, ya tayar da manhajar kwafa, sai ta ƙi tafiya. Aka gyara wasu ƙa'idoji na na'urar, aka sake tayarwa, ta yi tsit, ba ta ce tana aiki ba, ba ta kuma ce ta lalace ba. Ashe haka ɗabi'arta take, takan yi shiru na wasu mintoci tana jiran babba ta shirya, amma ba a rubuta wannan a cikin takardun aikin kamfanin ba, shi kuma bai sani ba.

Dare ya yi nisa, mutum ya gaji, ya shafe sa'o'i yana fama. Sai ya yi tunanin ko gwajin da aka yi a baya ne ya bar wasu tarkace a cikin mataimakiya waɗanda suka hana aikin tafiya, bari ya sake share ta. Ya rubuta umurnin, ya danna, ashe tagar da ke gabansa ta db1 ce.

A nan ya kamata a lura da halin da ake ciki. Mataimakiya an riga an share ta da gangan tun ɗazu. Babba kuma ga shi yanzu an share ta da kuskure. Rumbun da kamfanin ke taƙama da shi babu shi a ko'ina cikin na'urorin da ke aiki. Aka rufe shafin GitLab.com, aka sanar da duniya.

AKA SHIGA NEMAN AJIYA

Wuri na farko da aka nufa shi ne kwafin da ake yi kowace rana da wata manhaja mai suna pg_dump, wanda aka shirya a riƙa aikawa da shi ma'ajiyar kamfanin Amazon. Aka buɗe ma'ajiyar, wayam, babu komai.

Dalilin wannan shi ya fi komai ban takaici a cikin labarin. Rumbun kamfanin yana kan PostgreSQL zubi na 9.6, amma manhajar da ke yin kwafin ta tsohon zubi ce, na 9.2, wadda ba ta iya karanta sabon. Kowace rana sai ta tashi a kan lokacinta, ta gwada, ta kasa, ta rubuta wasiƙar imel cewa ta kasa. Wasiƙun kuwa ba su ɗauke da hatimin da ke tabbatar da inda suka fito, saboda haka na'urar da ke karɓar wasiƙu sai ta riƙa ƙin karɓarsu. Mai gadi yana ta ihu a bakin ƙofa, amma an toshe hanyar da muryarsa za ta bi ta isa cikin gida. Ma'aikata kuwa da ba su ga wasiƙar ƙorafi ba, sai suka ɗauka lafiya lau ake.

Aka juya wajen kamfanin Microsoft, wanda a kan na'urorinsa na Azure GitLab ke haya a wancan lokaci. Akwai tsarin ɗaukar hoton faifai a can, kuma an kunna shi a kan na'urorin da ke ajiye fayiloli, amma ba a kunna shi a kan na rumbun bayanai ba, wai don an ɗauka sauran hanyoyin sun wadatar. Kowace hanya an jingina ta da 'yar'uwarta, ba wanda ya duba ko 'yar'uwar tana tsaye.

Kamfanin da kansa ya rubuta a takardar da ya buɗe wa jama'a a daren nan cewa daga cikin hanyoyi biyar da aka tanada, babu ko ɗaya da ke aiki yadda za a dogara da ita, wata ma ba a taɓa kafa ta ba tun farko.

Abin da ya cece su sa'a ce tsagwaronta. Akwai wata na'ura ta gwaji inda ake kai hoton faifan rumbun sau ɗaya a kowace rana don injiniyoyi su riƙa gwada sababbin abubuwa ba tare da sun taɓa na ainihi ba. Ba don ajiya aka yi ta ba. To, a ran nan da ƙarfe 5:20 na yamma, shi wannan injiniya da ya yi kuskuren ya ɗauki wani sabon hoto da hannunsa, saboda yana son gwada wata dabara ta raba wa na'urori nauyi. Ba don wannan ba, da sai an koma ga hoton da ya kusa kwana guda. Hannun da ya yi ɓarnar shi ne ya bar abin da aka yi gyara da shi.

SA'A GOMA SHA TAKWAS

Samun kwafi wani abu ne, mayar da shi wurinsa kuma wani aiki ne dabam, wanda mutane ba su cika lissafawa da shi ba. Na'urar gwajin nan an ɗora ta ne a kan faifai masu araha, marasa sauri, tun da ba a taɓa tsammanin za a bukace ta da gaggawa ba. Kwafo bayanan daga kanta zuwa uwar garke sai da ya ci kimanin sa'a 18, babu kuma wata dabara da za a yi a hanzarta shi. Injiniyoyi suka zauna suna kallon lamba tana hawa a hankali kamar mai jiran tulu ya cika a bakin famfon da ke ɗiga.

Bayan haka ma da sauran aiki. Tsarin da ke kai bayanai na'urar gwaji yakan cire wasu abubuwa da gangan, don kada gwaji ya riƙa aika wa masu ciniki saƙo na gaske, saboda haka sai da aka nemo waɗannan daban aka mayar. Kazalika sai da aka tsallake lambobin rajista da 100,000 gaba ɗaya, don kada sabon abu ya ɗauki lambar wani da ya ɓace a rikita lissafi.

Wani abin da kamfanin ya yi wanda ba a saba gani ba shi ne bai ɓoye kome ba. Ya buɗe takardar da injiniyoyi ke rubuta abin da suke ciki kowa na karantawa, ya kuma sa su a YouTube kai tsaye suna aikin gyaran, har masu kallo suka kai wajen 5,000 a lokaci guda. Wajen ƙarfe shida na yammacin Laraba 1 ga Fabrairu shafin ya dawo. Abin da aka rubuta tsakanin ƙarfe 5:20 na yammacin Talata da tsakar dare kuwa ya tafi ke nan har abada: ayyuka kimanin 5,000, da sharhi kimanin 5,000, da sababbin asusu kimanin 700. Ainihin rubutun manhajojin da mutane suka ajiye bai salwanta ba, don a wasu na'urori dabam yake.

Ran 10 ga Fabrairu kamfanin ya fitar da cikakken rahoto, shugabansa na lokacin Mista Sid Sijbrandij ya nemi gafarar masu ciniki. Ba a kori injiniyan ba, kuma wannan daidai ne, domin duk wanda ya yi shekaru yana wannan aiki ya san ranar da yatsa zai zame tana nan tafe. Tambayar da rahoton ya yi wa kansa ita ce me ya sa ba a taɓa gwada mayar da kwafin ba, amsar da ya bayar kuwa ita ce babu wani mutum takamaimai da aka ɗora wa alhakin yin haka. Daga nan suka ɗauki alkawarin naɗa mai wannan alhaki, da sa na'ura ta riƙa gwada mayar da kwafi da kanta a kai a kai, da kuma fara tara shafukan ɗan littafin tarihin nan a wani wuri dabam.

Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci ƙwarai. In akwai cikakken kwafi na daren jiya, aka kuma adana duk shafukan tarihi daga jiya zuwa yanzu, to ana iya mayar da kwafin, a ce wa akawu ya bi tarihin yana maimaita duk abin da aka yi, ya tsaya daidai minti guda kafin ɓarna. Da GitLab na da wannan a daren nan, da hasarar sa'a shida ta koma ta 'yan mintoci, da ma mataimakiyar ba ta kai ga sai an share ta ba.

ƊAUKE WUTAR DA TA YI RANA

Wata biyar bayan wannan, wani kamfani wanda ya ninka GitLab girma nesa ba kusa ba ya faɗa cikin irin wannan rami ta wata ƙofar. Ran Talata 27 ga watan Yuni na 2017 wata muguwar manhaja da aka laƙaba wa suna NotPetya ta ɓarke daga ƙasar Yukiren, ta hanyar wata manhajar lissafin haraji mai suna M.E.Doc wadda kamfanoni da yawa a ƙasar ke aiki da ita. Ta shiga wata kwamfuta a ofishin kamfanin jiragen ruwa na Maersk da ke Odesa, daga nan ta bazu cikin na'urorin kamfanin na duniya duka kamar wutar daji a lokacin hunturu. Daga baya, a watan Fabrairu na 2018, gwamnatocin Amurka da Ingila suka ɗora alhakin harin a kan sojojin Rasha, ita kuwa Rasha ta musanta.

Maersk dai kamfanin ƙasar Denmak ne, a lokacin kusan kashi ɗaya cikin biyar na kwantenonin da ke yawo a tekunan duniya shi ke ɗauke da su, kuma reshensa na APM Terminals shi ke gudanar da tashar kwantena a Apapa ta Legas. Tashoshi 17 daga cikin 76 na reshen suka tsaya cik, manyan motoci suka yi layi a bakin ƙofofi babu mai sanin kayan wa ke cikin wane akwati.

Aka tara injiniyoyi a garin Maidenhead na Ingila. Suka tarar akwai kwafin ajiya na kusan dukan manyan na'urorinsu, wanda bai wuce kwana uku zuwa bakwai da yi ba. Abu ɗaya ne babu, shi ne rumbun da ke riƙe da sunan kowane ma'aikaci da kowace na'ura da iznin da aka ba kowa, wanda in babu shi sauran kwafin duka ba su da amfani, kamar gida ne mai ɗaki dubu aka rasa makullai. Kamfanin yana da na'urori kimanin 150 masu riƙe da wannan rumbu a ƙasashe daban-daban, kowace tana kwafa daga 'yan'uwanta, saboda haka aka ɗauka kowace ajiya ce ga sauran. Ba wanda ya kawo a ransa cewa za a wayi gari duka 150 su mutu a sa'a ɗaya. Ga shi kuwa abin da ya haɗa su, watau igiyar da suke magana da juna ta kanta, ita ce hanyar da cutar ta bi.

Nan ne aibin dogara ga mataimakiya yake. Ita madubi ce, abin da ya tsaya gabanta shi take nunawa. In faifan babba ya ƙone tana da amfani, don sai ta karɓi aiki nan take. Amma in wani ya ba da umurnin goge shafi guda na rumbu da kuskure, ko ɓarawo ya shigo ya gurɓata shi, cikin daƙiƙa ita ma za ta goge nata ko ta gurɓata, bisa biyayya.

Aka yi ta buga waya ofis-ofis a duniya ana cigiya, har aka dace da na'ura ɗaya tak da ta tsira, a nan Afirka ta Yamma. Dalilin tsirarta kuwa shi ne an ɗauke wuta kafin cutar ta iso, na'urar ta mutu, ta yanke daga sauran. Ruwaya biyu ce game da wurin. Mujallar Wired ta Amurka, wadda ta buga dogon labarin a 2018, ta ce a ofishin Ghana ne, kuma da yake layin intanet na ofishin ba shi da ƙarfin da zai aika da bayanan cikin lokaci, babu kuma mai bizar Ingila a cikin ma'aikatan, sai wani ya hau jirgi da faifan zuwa Nijeriya, ya miƙa wa wani abokin aikinsa a filin jirgin sama, shi kuma ya wuce da shi Landan. Wasu manyan jami'an kamfanin kuwa da suka yi jawabi a 2019 cewa suka yi a Legas na'urar take. Ko wacce ce gaskiya, mutumin da ya saba tsine wa masu ɗauke wuta sai ya yi murmushi in ya ji wannan.

Shugaban hukumar gudanarwar kamfanin na lokacin, Mista Jim Hagemann Snabe, ya faɗa a taron Davos na Janairun 2018 cewa sai da suka sake shirya manyan na'urori 4,000 da ƙananan kwamfutoci 45,000 da manhajoji 2,500 cikin kwana goma, hasarar kuma ta kai tsakanin dala miliyan 250 da 300.

Abin da ɗauke wuta ya yi wa Maersk ba da niyya ba, shi masu hankali ke yi da niyya, watau su ajiye kwafi guda wanda ba ya haɗe da kowace igiya. Shi ya sa har gobe manyan bankuna da ma'aikatu ba su rabu da kaset ba, abin da mutane da yawa ke zaton ya tafi tare da zamanin rediyo mai kaset. Kaset ɗaya na zubin LTO-9, wanda ya fito a 2021, yana ɗaukar terabait 18, in kuma an cire shi an kulle a akwatin ƙarfe babu ɓarawon intanet da zai kai gare shi. Akwai wata ƙa'ida da wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, ya yayata, wadda ake kira 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri mai nisa. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ita ma ta lissafa shirin maido da bayanai cikin lokaci bayan hatsari a cikin matakan tsaron da take nema daga masu riƙe da bayanan mutane. Ko ma'aikatu nawa ne za su iya nuna ranar ƙarshe da suka gwada nasu shirin, wannan tambaya ce da ta cancanci masu binciken kuɗi su riƙa yi tare da tambayar rasit.

IN GOBARA TA TASHI

Batun wuri mai nisa ba ƙawa ba ne. Ran 10 ga watan Maris na 2021 gobara ta tashi a cibiyar kamfanin OVHcloud da ke birnin Strasbourg na Faransa, ta cinye gini guda ƙurmus, ta kuma taɓa na kusa da shi. Miliyoyin shafukan intanet suka ɗauke. Wasu masu ciniki waɗanda ke biyan kuɗin kwafin ajiya kowane wata sai a ran nan suka gane cewa kwafin nasu a wuri guda yake da na ainihin, wuta ta haɗa ta cinye. A 2023 kotun kasuwanci ta birnin Lille ta umurci kamfanin ya biya wasu daga cikinsu diyya, amma diyya ba ta maido da rubutu.

Na baya-bayan nan kuma gwamnati ce sukutum abin ya faɗa wa. Ran Juma'a 26 ga watan Satumba na 2025 wani batir ya kama da wuta a cibiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke birnin Daejeon, ana cikin aikin sauya wa baturan wuri. Ɗaruruwan ayyukan gwamnati na intanet suka tsaya. Yawancinsu an yi ta maido da su sannu a hankali daga kwafin da ke wasu wurare, amma akwai wata ma'ajiya mai suna G-Drive, inda ma'aikatan gwamnati ke ajiye takardun aikinsu, mai ɗauke da terabait 858, wadda ba a yi mata kwafi a ko'ina ba. Hujjar da jami'ai suka bayar ita ce ta yi girma da yawa.

Ma'aikatar kula da ma'aikatan gwamnati ita abin ya fi shafa, domin ta umurci mutanenta su riƙa ajiye komai a can maimakon a kan kwamfutocin ofis. Bayan gobarar sai ma'aikatan suka koma bin tsofaffin wasiƙun imel, da ɗan abin da ya saura a kan kwamfutocinsu, da takardun da aka taɓa bugawa aka jefa cikin durowa, suna tsinto aikin shekaru ɗaya bayan ɗaya.